Yadda ake haɗa modem da kwamfuta mai aiki da manhajar Linux

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 ne kamfanin Microsoft na Amurka ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa manhajarsa ta Windows 10, in ban da wani ɗan ƙarin wa'adi ga waɗanda suka yi rajista ta musamman.

Matakin ya shafi miliyoyin kwamfutoci a sassa daban daban na duniya, musamman tsofaffi waɗanda ba su cika sharuɗɗan karɓar Windows 11 ba.

A garuruwa irin su Wudil da ke jihar Kano, inda galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibai da masu shagunan buga takardu na hannu ne, batun ya fi ƙarfin labarin da ake ji daga nesa.

Ɗaya daga cikin mafitar da ake da ita shi ne komawa ga Linux, babbar manhajar da ake samu kyauta, wadda kuma wasu nau'o'inta ke tafiya lami lafiya a kan kwamfutar da ta kwana biyu.

To sai dai kuma akwai wani tarnaƙi da ya daɗe yana sare gwiwar sababbin shiga. Mutum ya girka Linux, ya soka ɗan modem ɗinsa a jikin kwamfuta, amma intanet ta ƙi zuwa.

Dalilin hakan sananne ne, kuma a mafi yawan lokuta maganinsa bai wuce na 'yan mintoci ba.

Garin ɗalibai

Wudil na kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Maiduguri, kuma Sabon Gari na cikin mazaɓun ƙaramar hukumar. An san garin da kasuwarsa ta shanu da ke ci ranar Juma'a, da kuma kogin da ya ratsa ta gefensa.

Amma tun daga shekarar 2001, lokacin da aka buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jihar Kano, wadda aka sauya wa suna zuwa ta Aliko Ɗangote a 2022, garin ya ƙara zama matattarar ɗalibai. A nan ne kuma Kwalejin Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda ta Najeriya take.

A yau da wuya ɗalibi ya kammala zangon karatu ba tare da intanet ba. Rajistar kwasa-kwasai, da biyan kuɗin makaranta, da duba sakamako, da neman littattafan bincike, duk ta nan ake bi. Ita ma hukumar JAMB tun 2015 ta mayar da jarrabawarta ta shiga jami'a kan kwamfuta baki ɗaya.

Ga mai shagon da ke cike wa jama'a fom a Sabon Gari, yinin da aka yi babu intanet yini ne da ba a yi ciniki ba. Ga ɗalibi kuwa, yana iya zama ranar da wa'adin rajista ya ƙare.

Asalin modem ɗin

Modem ɗin da ake magana a kai wata 'yar na'ura ce mai kama da filashin adana bayanai, wadda ake sanya wa katin sim. Aikinsa shi ne ya yi magana da turken kamfanin waya kamar yadda wayar salula ke yi, sannan ya miƙa wa kwamfuta abin da ya samo.

Tarihinsa a Najeriya na haɗe da na wayar salula. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dalar Amurka miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agustan shekarar kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Globacom ya bi sahu a 2003, sannan Etisalat a 2008.

A 2007 ne aka bayar da lasisin 3G ga kamfanoni huɗu a kan dala miliyan 150 kowannensu: MTN, da Globacom, da Celtel, da kuma Alheri Engineering na rukunin kamfanonin Ɗangote.

Daga nan ne modem ya fara yaɗuwa. Kafin lokacin, mai buƙatar intanet sai ya je shagon da ake biya bisa awa, inda jama'a ke rabon 'yar hanyar da ta zo ta tauraron ɗan'adam. Da modem kuwa, mutum ya samu damar shiga daga ɗakinsa.

Kamfanoni biyu na ƙasar Sin, Huawei da ZTE, su ne suka ƙera mafi yawan waɗannan na'urori, ko da yake tambarin kamfanin waya ne ake gani a jikinsu. Samfurori irin su E220 da E1550 da E173 sun yi tashe a zamanin 3G, yayin da E3372 ya shahara bayan zuwan 4G.

Akwai kuma modem na tsarin CDMA da kamfanoni kamar Starcomms da Multi-Links da Visafone suka sayar. Waɗannan sun zama tarihi, domin kamfanonin sun daina wannan harka. MTN ne ya sayi Visafone a 2016.

Mece ce Linux?

Kowace kwamfuta na da wata babbar manhaja da ke tafiyar da ita, wadda sauran manhajoji ke zama a kanta. Windows ita ce aka fi sani a ofisoshi da makarantun Najeriya.

Ita kuwa Linux ta samo asali ne a 1991, lokacin da wani ɗalibin Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya rubuta zuciyar manhajar, ya kuma sake ta ga duniya. An haɗa aikin nasa da kayan aikin shirin GNU, wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a Amurka a 1983.

Abin da ya bambanta ta da Windows shi ne lasisinta. An yarda kowa ya kwafa, ya raba wa wasu, ya duba yadda aka rubuta ta, ya kuma gyara. Don haka wanda ya girka wa maƙwabcinsa Linux bai ci haƙƙin kowa ba, saɓanin kwafin Windows na bayan fage da ya cika kasuwanni.

Linux ta kasu nau'i-nau'i. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne Ubuntu, wanda wani attajiri ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya fito da shi a watan Oktoban 2004. Har zuwa 2011 kamfaninsa na Canonical na aika wa mutane faifan Ubuntu kyauta ta gidan waya. Akwai kuma Debian, da Fedora, da Linux Mint, da Lubuntu wadda aka tsara domin kwamfutoci marasa ƙarfi.

Najeriya ma ta taɓa zama fagen takaddama a kan wannan batu. A ƙarshen 2007 kamfanin Mandriva na Faransa ya sanar da cewa za a sanya nau'insa na Linux a kan ƙananan kwamfutoci 17,000 na 'yan makaranta a ƙasar. Jim kaɗan bayan haka shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, yana kokawa da shirin maye gurbin manhajar da Windows.

Kazalika duk mai riƙe da wayar Android yana amfani da Linux ko bai sani ba, domin a kan zuciyarta aka gina Android.

Na'ura mai fuska biyu

Matsalar modem da Linux ta samo asali ne daga wata dabara ta masu ƙera na'urar.

Kafin kwamfuta ta iya aiki da kowace na'ura, sai ta samu wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke zama tamkar tafinta a tsakaninsu. A da, a kan faifan CD ake saka wannan direba, a haɗa shi da na'urar a cikin kwali.

Domin rage kuɗi da kuma sauƙaƙa wa masu saye, sai kamfanoni suka ɓoye direban a cikin modem ɗin kansa. Da zarar an soka shi, sai ya gabatar da kansa ga kwamfuta a matsayin faifan CD. Windows za ta buɗe faifan, ta girka direban da ke ciki, shi kuma direban ya aika wa na'urar wani gajeren saƙo na sirri. Da jin saƙon, sai ta ajiye fuskar faifai ta ɗauki ta modem. Kamfanin Option na ƙasar Beljiyam ya raɗa wa wannan dabara suna ZeroCD.

Ke nan modem na da fuska biyu, kuma ba ya nuna ta biyun sai an yi masa magana da harshen da ya sani.

Direban da ke cikin faifan na Windows ne, a wasu lokutan da na kwamfutocin Apple. A kan Linux ba ya aiki. Saboda haka babu mai aika saƙon, na'urar kuma sai ta ci gaba da zama faifai. Mai kwamfuta zai ga hoton CD ya bayyana a kan allo, fitilar modem na ƙyaftawa, amma babu alamar hanyar sadarwa.

Mutane da dama kan ɗauka a nan cewa Linux ba ta da direban modem. A haƙiƙa direbobin mafi yawan waɗannan na'urori na cikin zuciyar Linux tun tuni. Abin da ya rage kawai shi ne a sa na'urar ta juyo da fuskarta.

Maganin 'yan sa-kai

Wani masanin manhaja ɗan ƙasar Jamus, Josua Dietze, shi ne ya rubuta 'yar manhajar da ta zama maganin matsalar, mai suna USB_ModeSwitch.

Hanyar da aka bi mai sauƙin fahimta ce. Masu sa-kai a ƙasashe daban daban sun riƙa soka modem a kwamfuta mai Windows, suna naɗar duk abin da ke wucewa ta kafar USB, har su gano saƙon da ke sauya fuskar na'urar. Daga nan sai a shigar da saƙon cikin wani kundi na bai ɗaya, wanda a yanzu ya ƙunshi ɗaruruwan samfurori.

Idan aka soka modem, Linux kan duba lambar shaidarsa, ta nemo ta a cikin kundin, sannan ta aika saƙon da ya dace ba tare da mai kwamfuta ya taɓa komai ba.

Bayan wannan sai wasu manhajoji biyu su karɓi aiki. ModemManager ita ke magana da na'urar, NetworkManager kuma ita ke nuna wa mutum jerin hanyoyin da zai iya shiga intanet. Tun fitowar Ubuntu 8.10 a watan Oktoban 2008 aka fara iya haɗa modem na 3G ta hanyar latsa maɓallai kawai.

Kafin wannan lokaci sai an rubuta komai da hannu a cikin wata manhaja mai suna wvdial, ana buga lambar *99# a layukan GSM, ko #777 a na CDMA, da wasu umarnoni masu farawa da haruffan AT, waɗanda aka gada daga modem ɗin kamfanin Hayes na 1981.

A sababbin nau'o'in Ubuntu da Linux Mint da Fedora, duk waɗannan kayan aiki kan zo a girke. Shi ya sa galibin modem ke tashi da kansu cikin ƙasa da minti guda. Sauran kuwa na buƙatar a bi su daki-daki.

Matakin farko: gano na'urar

Abu na farko shi ne a tabbatar kwamfutar ta ga modem ɗin. Ana buɗe tagar rubuta umarni da ake kira Terminal, a rubuta lsusb, a latsa maɓallin shigarwa.

Jerin duk na'urorin da ke soke a kafofin USB zai bayyana, kowace da lamba mai kashi biyu. Kashin farko na kamfanin da ya ƙera ta ne: 12d1 na Huawei, 19d2 kuma na ZTE. Kashi na biyu shi ke nuna fuskar da na'urar ke kai.

Alal misali, 12d1:1446 na nufin modem ɗin Huawei da ke nan a matsayin faifai, haka ma 19d2:2000 ga na ZTE. Idan aka sake rubuta umarnin bayan rabin minti aka ga kashi na biyu ya sauya, to na'urar ta juya.

Idan kuwa modem ɗin bai fito a jerin ba kwata-kwata, to matsalar ba ta manhaja ba ce. Ko dai kafar ta lalace, ko wutar da take bayarwa ta yi kaɗan, ko kuma na'urar ce ta mutu. Sai a gwada wata kafar.

Mataki na biyu: juya fuskar

Idan lambar ta ƙi sauyawa, sai a duba ko an girka ƙunshin manhajoji biyu, wato usb-modeswitch da usb-modeswitch-data.

Akwai kuma wata dabara da ke aiki a kan na'urori da yawa, musamman na ZTE. A je kan hoton faifan da ya bayyana, a ba shi umarnin fita kamar yadda ake fitar da CD na gaske. Wannan kaɗai kan isa ya sa modem ya juya.

Ga na Huawei da ya turje, ana iya aika saƙon da hannu ta hanyar rubuta sudo usb_modeswitch -v 12d1 -p 1446 -J, a sanya lambobin da lsusb ya nuna a gurbin waɗannan idan sun bambanta.

Domin tabbatar da an dace, sai a rubuta mmcli -L. Idan sunan modem ɗin ya fito, to ModemManager ta karɓe shi.

A nan ne wasu ke faɗawa cikin tsaka mai wuya: ana buƙatar intanet domin sauko da manhajar da za ta kawo intanet. Hausawa na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ruwan cikin a nan shi ne wayar Android. Idan aka haɗa ta da kwamfuta ta igiyar caji, aka kunna raba intanet ta USB a cikin saitunan wayar, Linux kan karɓe ta nan take ba tare da neman direba ba. Da wannan ne za a sauko da abin da ya rage. Haka nan ana iya kwaso manhajojin daga wata kwamfutar a kan filashi, muddin sun dace da nau'in Linux ɗin da aka girka.

Mataki na uku: ƙofar kamfani

Bayan na'urar ta juya, saura a gaya mata ƙofar da za ta bi ta shiga intanet. Kowane kamfanin waya na da sunan tasa ƙofar, wanda ake kira APN.

Na MTN a Najeriya shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Airtel internet.ng.airtel.com, Glo kuma an san shi da gloflat.

NetworkManager na ɗauke da jerin ƙasashe da kamfanoninsu, inda mutum zai zaɓi Najeriya sannan ya zaɓi layinsa. Sai dai 'yan sa-kai ne ke kula da jerin, kuma kamfanonin Najeriya sun sha sauya suna.

Wanda ya fara da Econet ya koma Vmobile a 2004, ya zama Celtel a 2006, Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Shi ma Etisalat ya koma 9mobile a 2017, kafin ya sake zama T2 a 2025. Tsohon nau'in Linux na iya nuna tsohon suna tare da ƙofar da aka daina amfani da ita.

Hanya mafi tabbas ita ce a sanya sim ɗin a cikin waya, a duba APN ɗin da kamfanin ya aiko da kansa, a kwafe shi harafi da harafi. Kuskuren ɗigo guda ya isa ya hana haɗuwa.

Idan sim ɗin na da lambar sirri ta PIN, ya fi kyau a cire ta tun a waya. Kuskure sau uku kan rufe layin, sai an nemo lambar PUK.

Sababbin samfurori

Modem na zamanin 4G sun sauƙaƙa al'amarin. Da yawa daga cikin na Huawei na zuwa da tsarin da kamfanin ke kira HiLink, inda na'urar ke yin dukkan aikin haɗawa da kanta, ta kuma bayyana ga kwamfuta kamar an soka igiyar intanet ta ofis.

Irin wannan ba ya fitowa a jerin mmcli, kuma hakan ba alamar matsala ba ce. Ana sarrafa shi ne ta manhajar buɗe shafuka kamar Firefox, a adireshin 192.168.8.1, inda ake ganin ƙarfin sabis, da saƙonnin tes, da wurin sauya APN.

Bambancin gudu tsakanin tsoho da sabo ba kaɗan ba ne. An ƙera E173 ne domin gudun da bai wuce megabit 7.2 a daƙiƙa ba, yayin da E3372 ke iya kaiwa 150. Waɗannan alƙaluma na kan takarda ne. Abin da ake samu a zahiri ya dogara ga nisan turke da kuma yawan masu rabon sa a lokaci guda.

Idan laifin ba na Linux ba ne

Ba kowace tangarɗa ce ta manhaja ba. Akwai wasu abubuwa da kan hana modem aiki a kan kowace irin kwamfuta.

Na farko shi ne kulle. Modem ɗin da kamfanin waya ya sayar galibi a ɗaure yake da layinsa, ba ya karɓar sim ɗin wani. Linux ba ta cire wannan kulle. Buɗe shi na buƙatar lamba ta musamman, kuma a na'urorin Huawei da dama sau goma kawai ake yarda a gwada kafin su rufe baki ɗaya.

Na biyu shi ne layin kansa. Tun watan Disambar 2020 gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa kowane sim da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kuma an rufe layuka masu yawa da ba su cika sharaɗin ba. Sim ɗin da ya daɗe a cikin modem a ajiye cikin durowa na iya kasancewa cikinsu.

Na uku shi ne zangon sadarwa. Kamfanoni ba sa watsa 4G a kan zango ɗaya. Lokacin da Glo ya fara nasa a 2016 a kan zangon megahaz 700, na'urori da dama da ke kasuwa ba su iya kama shi ba. Modem ɗin da aka ƙera domin wata ƙasa na iya komawa 3G, ko ma ya rasa sabis ɗin gaba ɗaya.

Na huɗu shi ne wuta da wuri. Modem kan ja wuta sosai idan sabis ya yi rauni, har tsohuwar kwamfuta ta kasa ɗaukar nauyinsa, ya riƙa yankewa. Rufin kwano da katanga mai kauri su ma kan rage ƙarfin sabis. Gajeriyar igiyar ƙari mai inganci da za ta kai na'urar bakin taga kan yi tasirin da ya zarce na kowane umarni.

Wani lokaci kuma matsalar daga can nesa take. A ranar 14 ga watan Maris na 2024, manyan igiyoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku a gaɓar yammacin Afirka sun samu matsala a lokaci guda, lamarin da ya jefa Najeriya da maƙwabtanta cikin tsaiko na kwanaki.

Tattalin data

Bayan an haɗu, saura batun aljihu. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba.

Sabuwar Linux da aka girka kan so sauko da gyare-gyare masu nauyin ɗaruruwan megabait a ranarta ta farko. Gyare-gyaren na da muhimmanci ga tsaron kwamfuta, don haka bai kamata a kashe su baki ɗaya ba.

Abin da ya fi shi ne a shiga saitin hanyar sadarwar a nuna cewa ta awo ce, wato ana biya gwargwadon abin da aka sha. Hakan kan sa manhajoji da dama su dakata da sauke-sauken da ba a umarce su ba, sai a yi gyare-gyaren a lokacin da aka samu data mai rahusa.

Domin duba abin da ya rage, tun 2023 NCC ta daidaita lambobin dukkan kamfanoni: *310# na duba kuɗi, *312# na sayen data, *323# kuma na duba ragowarta. Wata manhaja mai suna Modem Manager GUI na ba da damar buga waɗannan lambobi da karanta saƙonni daga kan kwamfuta, ba sai an zare sim an mayar da shi waya ba.

Kafin a saya, kafin a girka

Linux na da wata fa'ida da ke kawar da sayen kifi a ruwa. Ana iya sanya ta a kan filashi, a tayar da kwamfuta daga can, a yi aiki da ita ba tare da an goge komai daga abin da ke ciki ba.

Ta haka mai kwamfuta zai gwada modem ɗinsa tun kafin ya rabu da Windows. Mai niyyar sayen modem kuma zai iya zuwa kasuwa da kwamfutarsa da sim ɗinsa, ya ga an buɗe shafi a gabansa kafin ya biya.

Gaskiya ne cewa tauraron modem ya fara dusashewa. Wayoyin Android na raba intanet, ga ƙananan akwatunan MiFi masu batir, ga 5G da MTN ya fara a 2022, ga kuma intanet ta tauraron ɗan'adam ta Starlink da ta iso Najeriya a 2023. Ƙasashe irin su Jamus da Amurka ma tuni manyan kamfanoninsu suka rufe 3G a 2021 da 2022, abin da ke nuna cewa kuɗin da za a kashe a kan modem na 3G kaɗai ba zai daɗe yana biyan buƙata ba.

Duk da haka modem na da gurbinsa. Ba ya buƙatar caji, domin daga kwamfuta yake shan wuta, abin da ke da muhimmanci a inda lantarki ba ta da tabbas. Kira ba ya katse shi, ba ya kuma kashe batirin wayar mutum. Ga kwamfutar tebur da ba ta da Wi-Fi, kamar waɗanda ake gani a shagunan buga takardu, shi ne hanya mafi gajarta.

A garin da ke da jami'ar da ake koyar da ilimin kwamfuta, akwai kuma wani darasi na daban. Kundin da ke sa modem juyawa, da jerin ƙofofin kamfanonin waya, duk a buɗe suke ga mai son ya gyara ko ya ƙara. Ɗalibin da ya gano cewa bayanin wani layin Najeriya ya tsufa na iya aika gyara, kuma idan aka karɓa, gyaran zai isa ga duk mai amfani da Linux a duniya.